Mata sun hau kujerun agaji, amma matan wace ƙasa?

Sai da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa, ICRC, ta kusa cika shekara 160 kafin ta ɗora mace a kan shugabancinta. An kafa ta a 1863, Mirjana Spoljaric kuwa ta hau a Oktoban 2022. A shekarar ne Catherine Russell ta karɓi asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. A 2023 aka ba Cindy McCain Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, Amy Pope kuma ta zama mace ta farko da ta jagoranci hukumar kula da ƙaura ta IOM.

Masu cewa wannan kwalliya ce kawai ba su yi wa tarihi adalci ba. Lokacin da Catherine Bertini ta riƙe WFP, daga 1992 zuwa 2002, ta dage cewa a riƙa damƙa abincin agaji a hannun mata. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin layin rabo a sansanin 'yan gudun hijira: buhun da ya shiga hannun uwa ya fi saurin isa tukunya, wanda ya bi ta wani hannun kuwa yana iya ɓullowa a kasuwa. Sadako Ogata ta Japan ma ba ta zauna ɗumama kujera ba. Tana shiga ofis a matsayin shugabar hukumar kula da 'yan gudun hijira ta UNHCR a 1991 ta tarar da Kurdawan Iraƙi maƙale a kan duwatsu, Turkiyya ta hana su shiga. Bisa al'ada hukumar ba ta taimaka wa wanda bai tsallake iyakar ƙasarsa ba. Ogata ta ce a taimake su a inda suke, kuma aka yi.

To, amma a duba fasfon waɗanda aka lissafa a sama. Spoljaric 'yar Suwizalan ce, don ICRC ba ta ɗaukar shugaba daga wata ƙasa. Russell da McCain da Pope kuwa duk Amurkawa ne. Tun da aka kafa UNICEF ba ta taɓa samun shugaba wanda ba Ba'amurke ba, WFP ma daga 1992 har zuwa kan McCain haka abin yake. Ba wani sirri a ciki: Amurka ce ta daɗe tana zuba kuɗi mafi tsoka, mai zuba kuɗi kuma shi ke nuna wanda zai zauna. An buɗe wa mata ƙofa, amma mabuɗin yana aljihun da yake tun farko. Winnie Byanyima ta Yuganda, wadda ta shugabanci ƙungiyar agaji ta Oxfam daga 2013 zuwa 2019, tana cikin 'yan ƙalilan da suka zo daga ɓangaren da ake kai wa agajin.

Alhali a can ɓangaren ne matan da suka fi sanin aikin suke, kuma su ke biyan farashinsa. Saifura Khorsa da Hauwa Liman ungozomomi ne da ke aiki da ICRC a Rann ta jihar Borno. An sace su a Maris na 2018, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. A Afganistan, da Taliban ta hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji a Disamban 2022, wasu manyan ƙungiyoyi dakatar da ayyuka suka yi, domin ma'aikaci namiji ba ya shiga ɗakin mai jego ya tambaye ta halin da take ciki.

Abin da ya kamata a auna shugabannin nan da shi, a ganina, kuɗi ne. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da tallafi da hukumomi sun yi alƙawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Wa'adin ya wuce, ba a ko kusanci adadin ba, ƙungiyoyin da mata ke jagoranta kuma su ne a ƙarshen layi. Yanzu da Amurka ta zaftare tallafinta tun 2025, ƙananan ƙungiyoyin nan ne ke fara rufe ofis, kuma sa hannu kan kwangilolinsu yana ƙarƙashin ofisoshin da aka damƙa wa matan nan.