Baje kolin Anne Frank da mutanen da suka riƙa kai abinci

Gidan tarihin Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta rubuta labarin ɓuyarsu daga 'yan Nazi na Jamus, wanda ke Amsterdam a ƙasar Holan, yana da wani baje koli da ake yawo da shi ƙasa-ƙasa, a makarantu da ɗakunan karatu. Manyan alluna ne ɗauke da hotuna, kuma sau da yawa ɗalibai ake koya wa su zagaya da 'yan uwansu suna yi musu bayani. Ina ganin ya cancanci a buɗe masa ƙofa duk inda ya je.

A ranar 6 ga Yuli 1942, kwana ɗaya bayan 'yan Nazi sun aiko wa Margot, yayar Anne, takardar kira zuwa sansanin aiki, mahaifinsu Otto Frank ya kwashe matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka shige wasu ɗakuna a bayan kamfaninsa, a Prinsengracht lamba 263. Daga baya aka rufe ƙofar da kantar littattafai. Sun yi shekara biyu da wata ɗaya a ciki, wasu mutum huɗu suka tarar da su daga baya, suka zama takwas. Da rana ba a ɗaga murya, ba a sakin ruwan bayi, don akwai ma'aikata a hawan ƙasa.

Ido yakan tsaya kan Anne, yarinya 'yar shekara 13 mai rubutu a littafinta. Ni hankalina ya fi komawa kan Miep Gies, ma'aikaciyar ofis, wadda ta riƙa bin shaguna da katin rabon abinci na bayan fage, tana sayen kaɗan nan kaɗan can don kada a gane cefanen mutum takwas take yi. Ta san hukuncin ɓoye Bayahude. Da aka kai samame ranar 4 ga Agusta 1944, an tafi da mutum takwas ɗin da abokan aikinta biyu, Kugler da Kleiman. Ita ta tattara takardun Anne daga ƙasa ta adana a aljihun tebur ba ta karanta ba, tana jiran mai su ta dawo. Anne ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a farkon 1945. Cikin takwas ɗin Otto kaɗai ya dawo, shi Miep ta miƙa wa.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: ina yaran Gaza? Tambaya ce mai nauyi, ni ma tana ci mini rai. Amma Anne ta mutu shekara uku kafin a kafa Isra'ila a 1948. Ba ta da hannu a aikin wata gwamnati, kuma laifin wani ba ya hawa kan wani. Wanda ya yi kukan yaron Gaza saboda yaro ne, da wace hujja zai kau da kai daga wannan?

Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan aka hallaka, sama da mutum 100,000. Ɗalibin da ya zagaya da 'yan ajinsa zai ga cewa kafin jiragen ƙasa su kwashe su zuwa sansanoni, an fara ne da hana su shiga silima, da raba musu makaranta, da liƙa musu tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji, maƙwabta suna kallo.