Ranar ceto ita ce mai sauƙi

Kwana biyun nan ana ta turo min hoton wata ƙungiya da ta ce ta ceto 'yan mata daga hannun masu safarar mutane. An jera yaran a gaban kyamara, kowace ta sa tafin hannu ta kare fuska, shugaban ƙungiyar kuma yana tsakiya yana murmushi. Masu turowa suna cewa, Anti, me za ki ce? To ga abin da zan ce. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya yi haƙuri ya wuce.

Na yi shekaru ina jagorantar aikin wata ƙungiya mai zaman kanta a wannan fanni, ɓangaren da ke hulɗa da jama'a kai tsaye, inda 'yan sa kai ke bin tashoshin mota da lunguna. Abin da aikin ya koya min, wanda ban taɓa jin an faɗa a taron bita ba, shi ne a duk tafiyar babu rana mai sauƙi kamar ranar ceto.

Akwai wata yarinya da muka yi fama wata da watanni kafin mu dawo da ita daga aikatau a ƙasar waje. Tana sauka can aka karɓe fasfonta, albashinta kuma kai tsaye aljihun dillali yake shiga. Ranar da ta iso mun yi murna har da hawaye. Kwana biyu bayan nan tana zaune a ofishina, ta ce, "Anti, ara min wayarki." Na ɗauka mahaifiyarta za ta kira. Ina jin yadda ta rusunar da murya tana gaisuwa na gane ba ita ba ce. Dillalin da ya kai ta ta kira, tana tambayarsa ko akwai wani gidan da ke neman 'yar aiki.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na hau ta da faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Anti, gonar Baba aka jinginar aka biya kuɗin tafiyata. Idan na zauna, wa zai fanso ta?" Ban samu abin cewa ba. Mun cire ta daga gidan da ake azabtar da ita, amma igiyar da ta kai ta can tana nan a wuyanta.

Mutane da yawa idan an ce safarar mutane, abin da ke zuwa musu a rai shi ne a sace mutum a jefa shi a but ɗin mota. Hakan na faruwa, amma akasarin waɗanda suka biyo ta hannunmu da ƙafarsu suka tafi, da addu'ar iyaye, kuma dillalin ba baƙo ba ne, sau da yawa ma akwai dangantaka. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane, ta shekarar 2000, ta gane wannan. A wurinta yaudara da cin gajiyar halin ƙuncin mutum daidai suke da tsare shi da makami, kuma idan an bi ta waɗannan hanyoyi, cewa "ai ita ta yarda" ba ya wanke kowa. Idan kuwa yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a ma buƙatar a nuna an yaudare shi ko an tilasta masa.

Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar tare da abokan aikinta a 2022 ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani a 2021: miliyan 27.6 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. A 2024 kuma ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake samu daga aikin tilas a kan dala biliyan 236 duk shekara. Wanda ke cin irin wannan riba ba sarƙa yake buƙata ba. Bashi ya ishe shi, sai fasfo a cikin durowarsa. Indiya ta haramta bautar bashi tun 1976, dokar ma ta yafe basussukan, amma har gobe ana samun iyalai a masana'antun bulo suna aikin biyan bashin da ba ya ƙarewa. Iqbal Masih, yaron nan na Pakistan da aka harbe a 1995 yana da shekara 12, bashin iyayensa ne ya ɗaure shi a masaƙar darduma tun yana ƙanƙani. Tsarin kafala a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ma haka yake aiki, zaman ma'aikaci a ƙasa yana hannun wanda ya ɗauko shi. Katar ta sassauta nata a 2020, ta ba ma'aikaci damar canza aiki ba tare da izinin ubangida ba, sai dai abin da ke takarda daban, abin da 'yar aikin da aka kulle a gida ke gani daban.

To ina ruwan shugaban ƙungiya da duk wannan? Ruwansa shi ne fom ɗin rahoto. Masu ba da tallafi suna da wani gurbi da suke so a cike duk wata uku: mutum nawa aka ceto. Babu gurbin mutum nawa aka hana tafiya tun farko, domin wanda bai tafi ba ba shi da hoto. Babu gurbin nawa suka koma. Shugaba mai raunin zuciya sai ya juya akalar ƙungiyar gaba ɗaya zuwa ga abin da zai cike wannan gurbin, ya koma farautar samame da 'yan jarida, aikin da ke ɗaukar shekaru kuma a bar shi ya mutu a tsaye.

Ni ma ban tsira ba. Akwai shekarar da tallafinmu ke dab da ƙarewa, aka nemi hoton wadda muka taimaka domin ƙasidar neman kuɗi. Na tambayi wata baiwar Allah, ta ce to. Amma wace irin "to" ce za ka samu daga wadda kai ke biya mata kuɗin haya? Hoton ya shiga intanet, ya zagayo har wayoyin maƙwabtanta, auren da ake shirin yi mata ya watse. Kuɗin sun shigo, mun biya albashi. Har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Daga ranar na kafa doka: ba hoto, ko da an rufe ido da baƙin layi, domin wanda ya san mutum ko daga kunnensa zai gane shi.

Mutumin da ya fi kowa amfani a ƙungiyarmu ba shi da digiri. Wani dattijo ne mai sayar da tikiti a tasha, duk muna ce masa Baba. Shi idan ya ga mace guda ta zo da yara biyar waɗanda ba su san sunan juna ba, kuma ita ke riƙe da takardunsu duka, ya gane. Ba ya tayar da hayaniya. Sai ya ce motar ba ta cika ba tukuna, ya zagaya bayan rumfa ya buga min waya: "'Yata, ki turo wani." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikina a kan Baba bai wuce in tabbatar akwai kati a wayarsa, sunansa bai fito a ko'ina ba, kuma idan ya kira ƙarfe biyun dare an ɗauka. Dillalan nan sun san inda yake kwana, ni kuwa ina da maigadi. Shugaban da ya manta wannan bambanci zai sa a illata masa mutane.

Sannan akwai zaman ofishin 'yan sanda, wanda ba ya shiga ƙasida. Wadda aka yi safararta sau da yawa ba ta da takardu, ko an sa ta aikin da doka ta hana, sai a wayi gari ita ce a bayan kanta, dillali yana gida. Sai ka yini kana lallashi da bayani kafin a yarda cewa ita aka zalunta.

Masu son sakamako cikin wata uku su dubi shari'ar Hadijatou Mani. An sayar da ita tana da shekara 12 a Nijar. Da ta samu 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta a kan wai ta yi aure kan aure. Sai a Oktoban 2008 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa gwamnatin ƙasar ta gaza kare ta daga bauta. Ƙungiyar cikin gida, Timidria, ita ta tsaya mata tun daga tushe, tare da Anti-Slavery International, wadda ke wannan gwagwarmaya tun 1839. Mutum ɗaya ce tak, shekaru aka kwashe a kanta. A fom ɗin rahoto, 1 za a rubuta.

Don haka masu turo min hoton nan, ba na zargin niyyar kowa, wataƙila da zuciya ɗaya suka yi. Tambayoyina ga shugaban nasu su ne: kowace yarinya bashin nawa ake bin gidansu, wa ke bi, kuma wa zai ɗaga waya idan ta kira bayan wata shida?

Yarinyar da ta ari wayata ta zauna da mu wata bakwai. Mun sa ta koyon sana'a, mun zauna da mai bin bashin har sau uku, ya rage wani abu, sauran kuma ba mu da inda za mu cire shi a kasafinmu, domin tallafin bai amince a biya bashi ba. Wata safiya ba ta zo ba. Ƙanwarta ta ce mana ta tafi, wannan karon wata ƙasar daban. A rahoton shekarar tana cikin jerin waɗanda muka ceto, kuma ni na sa hannu a kai.