Ƙasa ba gona ba ce: Haruna Rashid, Karl da rigimar gado

A shekarar 802 wata giwa ta shigo garin Aachen, nan yammacin Jamus inda nake zaune. Sunanta Abul Abbas, kyauta ce daga Halifa Haruna Rashid na Bagadaza zuwa ga Karl, sarkin da Faransawa ke kira Sharlaman. Wani Bayahude mai suna Ishaku ya rako ta, ta Arewacin Afirka da Italiya, har ya tsallake duwatsun Alps da ita. Mutanen garin nan ba sa gajiya da labarin giwar. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da mai kyautar ya je ya yi a Makka a ƙarshen wannan shekara.

Haruna ya tafi aikin Hajji da 'ya'yansa biyu, Amin da Ma'amun. Amin ɗan Zubaida ne, jinin Abbasiyawa uwa da uba. Ma'amun ɗan ƙwarƙwara ne, ya kuma girmi Amin da 'yan watanni. Duk wanda ya tashi kusa da gidan sarauta a ƙasar Hausa ya san irin wutar da ke ci a ƙarƙashin wannan lissafi. Uban ya sa aka rubuta yarjejeniya: Amin ne halifa, Ma'amun ya riƙe Khurasan, babban yankin gabashin daular, da sojojinta da harajinta, sannan ya gaji ɗan'uwansa. Suka yi rantsuwa, aka rataye takardun a cikin Ka'aba. Wace shaida ce ta fi wannan?

Haruna ya rasu a 809. Ba a jima ba Amin ya sa aka ciro takardun aka yayyage, ya ce ɗansa Musa ne magaji. A 811 Ɗahiru bin Husaini, kwamandan Ma'amun, ya tarwatsa rundunar Amin kusa da Rayyi, daga nan ya zarce ya yi wa Bagadaza ƙawanya kimanin shekara guda, ana ruwan duwatsun majanjawa a kan birnin da Mansur, kakan mahaifinsu, ya gina. A 813 aka kashe Amin, aka aika wa ɗan'uwansa da kansa. Abin mamakin, Haruna ya san wannan ciwo tun daga gida, don yayansa Hadi ya taɓa yunƙurin tsige shi daga layin gado ya sa nasa ɗan. Duk da haka ya bar wa 'ya'yansa daula mai rundunoni biyu da baitulmali biyu, ya dogara da rantsuwa.

Karl ma bai tsira daga wannan ba, sa'a ce kawai ta rufa masa asiri. A 806 ya raba daularsa tsakanin 'ya'yansa uku, yadda al'adar mutanensa ta tanada. Biyu suka riga shi rasuwa, sai Ludwig ya gaje ta dunƙule a 814. Rigimar da aka ɗage ta faɗo wa jikoki. A 833 'ya'yan Ludwig suka janye masa sojoji a wani fili kusa da Colmar, suka sauke mahaifinsu daga mulki na ɗan lokaci. Da ya rasu suka gwabza da juna a Fontenoy a 841, sannan a 843 suka zauna a Verdun suka yanka ƙasar uku. Yammaci ya zama tushen Faransa, gabashi tushen Jamus. Rabon babban yaya Lothar shi ne siririn yanki na tsakiya, wanda Aachen da Rum ke ciki, kuma wani ɓangare nasa, Alsace da Lorraine, shi ne ya yi ta sauya hannu tsakanin Faransa da Jamus a 1871 da 1918 da 1940 da 1945.

A nan suna kiran Karl uban Turai, tun 1950 suke ba da lambar yabo da sunansa ga masu aikin haɗa kan nahiyar. Mu kuma a gida Haruna Rashid muka sani, adalin sarki mai ɓad da kama ya zaga gari da dare. Kowa ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya bar sauran. A ganina sarakunan nan biyu sun iya cin ƙasa, sun iya tara malamai, amma dukkansu sun ɗauki talakawa da garuruwa tamkar gonar gandu da uba zai auna wa 'ya'ya don kada a yi faɗa bayan ransa. Gona idan ka raba ta, kowa ya shiga tasa ya yi noma. Mulki kuwa ka ba ɗa rabi, ka ba shi kuɗi da dakarun da zai nemi sauran rabin.

Nan nake ganin tsarinmu ya fi dabara, kuma ba son gida ya sa na faɗa ba. A Kano sarki ba ya rubuta wasiyyar raba masarauta. Ya rasu, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta su zauna su fitar da mutum ɗaya, sauran 'yan sarki a lallashe su da hakimci. Jamusawa ma can suka ƙare. Otto da aka naɗa a cocin garin nan a 936 shi kaɗai ya ɗauki ƙasar, ba a raba da 'yan'uwansa ba, ko da yake sai da ya yaƙe su. A 1356 kuma aka rubuta doka cewa mutum bakwai ne masu zaɓen sarki.

Wani zai ce mini to Basasa fa? Gaskiya ne, mu ma mun sha namu. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin jagorancin ɗan'uwansu Yusufu. Aliyu Babba, wanda ya gaji Yusufu a jagorancinsu, ya shiga Kano da yaƙi a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Sai dai a lura, Tukurawa da Yusufawa kan kujera ɗaya suka yi faɗa, kuma abin da ya hura wutar naɗi ne da aka yi daga sama ba tare da duba inda rinjayen gari yake ba. Da ƙura ta lafa Kano tana nan Kano guda, haka Turawa suka same ta a 1903. Khurasan kuwa, da Ma'amun ya ba Ɗahiru ita ladan aikinsa a 821, a hannun zuriyarsa ta zauna fiye da shekara 50.