Takarda ta ce babu cuta, to wa ke sauraron bakin yaron?

Jama'a, aikin kare jariri daga ɗaukar ƙanjamau wurin uwa sananne ne a asibitocinmu na Sakkwato. Uwa ta riƙe maganinta tun awon ciki. Jariri ya sha sirof ɗin nevirapine, maganin kariya daga ƙanjamau, makonni 6, ko a kai 12 idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jinin uwar. A mako na 6 a fara masa Septrin mai kare shi daga wasu cututtuka, a ɗebi jini a dunduniyarsa a yi gwajin PCR mai gano ƙwayar cutar, a sake a wata na 9, a rufe da gwajin ƙarshe a wata na 18 ko bayan yaye. Ba magani, yara 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗauka. Da magani, ƙasa da 5. Alhamdulillahi. Ƙorafina ɗaya ne: ranar da takarda ta ce babu cuta, sai kowa ya kakkaɓe hannu.

Binciken Drakenstein na Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2019, ya bi irin waɗannan yaran da ba su kamu ba. A wata 6 ba su da bambanci da sauran yara. A shekara 2 sai aka ga sun ɗan yi baya wajen fahimtar magana da furta ta. Ratar ba babba ba ce, yawancinsu lafiya lau suke tashi, kada a ɗaga wa kowa hankali. Amma fa ratar tana ɓullowa ne daidai lokacin da aka daina dubawa.

Dalilan suna da yawa: haihuwar bakwaini, yawan laulayi, ƙarancin jini, tamowa. Wanda ba a faɗi kuwa shi ne halin da uwa take ciki. Matar da ke ɓoye kwalbar magani a ƙasan akwati don kada kishiya ko uwar miji ta gani, ta kwana da fargaba ta tashi da ita, ina za ta sami sukunin yi wa goyonta hira? Yaro kuma daga bakin mutane yake tsintar magana, waya ba ta koya masa.

Ga ma'aunin da kowace uwa za ta iya riƙewa. Wata 6, ya juyo in ya ji murya. Wata 9, yana "ba-ba-ba", yana waiwaye in an kira sunansa. Shekara ɗaya, yana ɗaga hannu yana miƙa wa abin da yake so. Wata 18, yana tafiya, yana da 'yan kalmomi ban da mama da baba. Shekara 2, yana haɗa kalma biyu, irin "ba ruwa". In bai kai ba, a daina cewa nauyin baki ne, haka ubansa ya yi. A fara da kunne. Kunnen da ke zubar da mugunya yana rage ji, kuma akwai likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH).

Yaron da ya kamu, nasa ya fi gaggawa, domin cutar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya fara zama sai ya daina, ƙafafu suka sandare, kai ya bar girma: wannan ba aikin iska ba ne. Shi ya sa awon kewayen kai da tef yake da muhimmanci kamar ɗora shi a sikeli. Binciken CHER na 2008 ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin 100. Yanzu ma akwai maganin ƙanjamau dolutegravir mai narkewa a ruwa, tun daga mako 4 da kilo 3.

A gida: nono zalla wata 6, ba ruwa, ba rubutu, ba madarar akuya, don gaurayawa tana ɓata hanjin jariri ta buɗe wa cutar ƙofa. Bayan nan kunu mai gyaɗa, ƙwai, wake, zogale, hanta in da hali. Wurin wanka a riƙa faɗa masa: ga hanci, ga ciki, ga ƙafa. In ya yi gwaranci a amsa masa, a dakata ya rama. Maigida ma ya zauna ya yi, ba aikin mata kaɗai ba ne.

Ma'aikatan lafiya kuma, don Allah bayan sikeli ku ƙara tambaya ɗaya: "Hajiya, kalma nawa yake faɗi yanzu?" Ku rubuta amsar a katinsa, zuwa na gaba ku kwatanta.