"Ku gode Allah kun samu aiki": maganar nan ta ishe mu

Ni birkila ne. A Bama na koyi aikin, kuma daga Bama na fito da ƙafa a watan Satumban 2014, ni da iyalina, ko cokalin gini ban ɗauko ba. Na zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri har aka fara rufe sansanonin a 2021. Tun daga nan hannuna bai rabu da siminti ba: ajujuwa, ɗakunan shan magani, gidajen da ake gina wa masu komawa garuruwansu. Amma yau sati biyar ke nan ban ga ko sisi daga kuɗin aikina ba, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Duk Asabar sai mu yi cirko-cirko a bakin tarin bulo muna jiran oga. Ya zo, ya sauke gilashin mota rabi, ya ce ba a saki kuɗi daga sama ba. In ka ɗaga murya kaɗan sai ya ce, "Malam, ku gode Allah kun samu aiki. Ka san mutum nawa ne a bakin ƙofa suke jira?" Muna gode wa Allah dare da rana, mu da muka tsallake gawarwaki muka fito. Amma godiyarmu ba ta sauke masa bashin da ke wuyansa ba. Wahalar da muka sha ce ya mayar sandar dukanmu, don ya san wanda ya shekara bakwai a layin karɓar abinci ba zai yi saurin ajiye cebur ba.

Akwai wani yaro lebura da ke ɗauko min kwaɓi, maraya ne, bai kai shekara ashirin ba. Ranar da muke zuba kankare a bene, katakon da aka ɗaura mana ya karye da shi, kwanon a kansa. Babu hular kwano, babu takalmi, silifas ne a ƙafarsa. Ni na sauko na ɗaga shi, ƙafar ta juya, yana kiran sunan mahaifiyarsa. Kuɗin Keke kawai aka miƙo mana. Mu muka yi karo-karo muka kai shi wurin mai ɗori, kuma washegari da safe wani yaron ne a gurbinsa. Ko sannu babu wanda ya aiko.

Abin da ya fi ƙona min rai, doka tana nan. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin irin wannan rana. A wurinmu ko sunanka ba a rubuta daidai, a bayan buhun siminti ake lissafin kwanakinka.

Ina jinjina wa ƙungiyoyin ƙwadago. Da NLC da TUC ba su tsayar da ƙasa cak a watan Yunin 2024 ba, da mafi ƙarancin albashi bai tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 ba. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta binne nata, fiye da malamai 600 ta ce an kashe mata a rikicin Boko Haram zuwa 2015. Sun san zafin nan. Sai dai dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma 'yan kwangila sun gane wannan ƙofa. Babba ya yanka wa ƙarami, ƙarami ya yanka wa nasa yaron, kowa da leburori goma, kowa ya ce ba shi ya ɗauke ka ba. Saboda haka nake roƙon shugabannin ƙwadago su biyo mu inda muke. Aiki mai mutunci da ake ta faɗa a rediyo ranar 1 ga Mayu, a wurinmu abu uku ne: takarda, ranar biya, da magani in ka faɗo.

Mun so mu haɗu mu yi magana da murya ɗaya, oga ya ce zai kira jami'an tsaro ya gaya musu muna shirya tayar da hankali. A garin da ya ga abin da Maiduguri ta gani, wannan kalma tana iya ɓatar da mutum, kuma ya sani. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba mu damar haɗuwa mu kare haƙƙinmu. Da dam ɗin Alau ya ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, mu ne muka kwashe laka, muka tayar da katangun da suka zube. A lokacin babu wanda ya kira mu masu tayar da hankali.

Jiya bayan la'asar mu goma sha tara muka zauna gindin dalbejiya, kowa ya rubuta sunansa da kwanakin da yake bi, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Na yaron nan ni na rubuta masa a farko. Ranar Litinin za mu je wurin aikin da sassafe kamar kullum, amma ba mai fasa buhu ko ɗaya sai an ƙirga mana kuɗinmu a hannu.