Gidan Celsius da Gafakar Kakana

A tsakiyar birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, kan titin Svartbäcksgatan inda kantuna suke jere, akwai wani tsohon gida da ya ɗan karkace, bai bi layin sauran ba. Na fi shekara ina wucewa ta gabansa kafin na san cewa a nan Anders Celsius ya kafa ɗakin duban taurari a 1741. Shi ne dai mutumin da muka tashi muna jin sunansa a rediyo duk bazara, in an ce zafin Sakkwato ya haura 40 a ma'aunin Celsius.

An haife shi a wannan gari a 1701. Mahaifinsa farfesan ilimin taurari ne, kakanninsa biyu ma farfesoshi ne, shi kuma ya hau wannan kujera a 1730. Ɗan gado ne, yadda muke cewa gidan su wane gidan malamai ne. A 1736 ya bi ayarin Bafaranshe Maupertuis zuwa kwarin kogin Torne, can ƙuryar arewa, suka yi awo cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, suka tabbatar da maganar Newton cewa duniya a ɗan baje take ta sama da ta ƙasa. Tarin fuka ya kashe shi a 1744, yana da shekara 42.

Ni abin da ya fi kama ni shi ne haƙurinsa. Shekara biyu ya yi yana tsoma ma'auninsa cikin dusar ƙanƙara mai narkewa, yau da gobe, don ya ga ko zaibar za ta tsaya wuri guda. Ta tsaya. Ya koma kan tafasasshen ruwa, sai ya ga shi yana sauyawa gwargwadon nauyin iska, don haka ya ƙayyade nauyin da za a riƙa awo a kansa. Sai a 1742 ya fitar da takardarsa, ya raba tsakanin biyun gida 100. Da fari a juye ma'aunin yake: 0 wurin tafasa, 100 wurin daskarewa. Bayan rasuwarsa aka birkice shi yadda muka san shi yau.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun 1722 ake rubuta yanayin Uppsala, Celsius yana saurayi ya sa hannu a aikin, kuma har gobe ana yi. Shi ya sa in Basuwide ya ce sanyin bana bai kai na da ba, yana da littafin da zai buɗe maka.

A nan ne zuciyata take komawa gida. A daidai shekarun nan akwai wani Bakatsine, Muhammadu al-Katsinawi, da ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan dabarun tsara lambobi cikin hatimi, yadda ko ta ina ka tara jimilla ɗaya za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, shekarar da aka buɗe wancan gida mai karkata. Zamaninsu ɗaya, kuma duk wanda ya ce mana ƙwaƙwalwa ce bambancin, bai san tarihi ba. Amma 'yan makaranta nawa a Katsina suka taɓa jin sunansa?

Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya fito tsakar gida da asuba ya ɗaga kai ya dubi kaza da 'ya'yanta, ya shaƙi iska, zai ce a gyara garma. Da wuya ya kuskure. Ya iya rubutu sarai, gafakarsa cike take da takardun ajami da tawadar zige. Sai dai ranar da ruwan fari ya sauka kowace shekara, da yawan kwanakin da hazo ya yi, a kansa ya ajiye su, ya kuma tafi da su. Gafakar ma da muka sauko da ita daga rataye, gara ta cinye kusan rabi. Har yau abin yana mini ciwo.

Na sani akwai hukumar kula da yanayi, tana kuma fitar da hasashen damina kowace shekara. Ni maganar ƙauye nake yi, maganar makarantar firamare da ta allo. Kowane manomi zai gaya maka damina ta rikice, gaskiya kuma yake faɗa, amma ka ce da kwana nawa ta ja baya a gonarsa cikin shekara 30, sai a koma "lokacin muna yara".

Da na je gida bara na kai wa ƙanena ma'aunin zafi da littafi mai bango mai ƙarfi. Na roƙe shi ya rataye ma'aunin a inuwar zaure, ya riƙa dubawa bayan asuba da bayan azahar. Jiya ya turo mini hoton shafi a WhatsApp, lambobi a jere da biro shuɗi, a gefe ya rubuta: "Yaya, yau hadari ya haɗu ta gabas amma iska ta watsa shi." Na ce masa wannan ma ya sa masa kwanan wata.