Kyarketan Wolfwalkers ba aron fina-finan tsoro ba ne

Sau da dama ina jin masu kallon fim ɗin zane na Wolfwalkers, wanda ya fito a 2020, suna cewa labarin mutum mai rikiɗa ya koma kyarkeci aro ne daga fina-finan tsoro na Amurka, aka sassauta shi don yara. Ban ga laifinsu ba, don a can akasarinmu muka fara ganin irin wannan rikiɗa.

Amma tatsuniyar ta Ailan ce tun asali. Garin Kilkenny, inda labarin ya gudana a 1650, kuma inda kamfanin Cartoon Saloon da ya zana fim ɗin yake, yana cikin tsohuwar masarautar Ossory. Mutanen wannan yanki an daɗe ana ba da labarin cewa wasunsu kan bar gangar jikinsu kwance kamar mai barci, su fita yawo a siffar kyarkeci. In aka ji wa kyarkecin rauni, sai raunin ya bayyana a jikin mai barcin. Dubi yadda yarinyar nan Mebh ta cikin fim ɗin take zama kyarkeci sai ta yi barci, ba da fitowar wata ba kamar a fina-finan tsoro. (Kyarkeci dai dangin kare ne, ba kura ba.)

Farautar da ake yi wa kyarketai a fim ɗin ma tarihi ce. Gwamnatin Cromwell, jagoran sojan Ingila da ya mamaye tsibirin Ailan a wancan lokacin, ta sa lada ga duk wanda ya kashe kyarkeci, har suka ƙare ƙurmus a tsibirin kafin ƙarshen ƙarni na 18.